ƘURAJEN FUSKA BAYAN AN GIRMA: A SAN SANADI KAFIN A SHAFA MAGANI

Muna yi wa manoma da makiyaya na Yekuwa da kewaye barka da aiki, tun daga Sasumburum da Kwaya har Magarya da Dungas. Allah ya sa mu ci amfanin da muka noma cikin ƙoshin lafiya.

A wannan fitowa za mu tattauna a kan wani ciwo da ba ya kwantar da mutum, amma yana hana zuciya sukuni. Shi ne ƙurajen fuska da suke fito wa babban mutum, musamman mace mai shekara 30 zuwa 50. Mata da yawa suna jin kunyar kai wannan kuka gidan likita, sai su kai shi kasuwa. Daga nan ne ƙaramin ciwo yake zama babba.

Bari mu fara da misalin da kowa ya san irinsa a ƙauyukanmu. Ga mace mai shekara 38, uwar ƴaƴa biyar, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tun da ta yaye autanta, ƙuraje suka feso mata a haɓa da muƙamuƙi. Masu zafi ne, suna zaune can cikin fata. In ɗaya ya baje, sai ya bar baƙin tabo. A bakin rijiya wata ta ce mata, "Yaya, ƙurajen ƴan mata ne a fuskar uwargida?" Aka yi dariya, ita ma ta yi, amma maganar ta tsaya mata a rai. Da kaka ta yi, ta sayar da wake tiya uku, ta sayi wani mai a wurin mai tebur. Cikin kwana goma fuska ta yi sumul, har ta ƙara haske. Bayan wata uku ƙurajen suka dawo, sun ninka na da, sun hau goshi da ƙirji da baya. In ta bar shafawa kwana biyu, sai fuska ta yi ta ƙuna kamar an barbaɗa barkono. Sai ta koma ta sayi wanda ya fi na farko ƙarfi.

Me ya fito mata da ƙurajen farko? Me ya kawo na biyu? Ina mafita? Waɗannan su ne tambayoyin da za mu amsa.

YAYA ƘURJI YAKE FITOWA?

Fatar mutum cike take da ƙananan ƙofofi, waɗanda gashi yake fitowa ta cikinsu. A gindin kowace ƙofa akwai wata ƴar jaka mai yin maiƙo. Maiƙon nan yana da amfani, domin shi yake hana fata bushewa da tsagewa. Haka kuma kullum tsohuwar fata tana saɓewa a hankali, sabuwa tana maye gurbinta, ba tare da mun lura ba.

Idan maiƙo ya yi yawa, sai ya haɗu da tsohuwar fata su toshe ƙofar. Mai noman rani ya san abin da yake faruwa idan laka da ciyawa suka toshe hanyar ruwa a fadama. Ruwa zai taru a baya, ya kwanta, ya lalace. Haka abin yake a jikin mutum. Akwai wasu ƙwayoyin cuta da suke zaune a fatar kowa, ba sa yin ɓarna. Amma idan suka sami maiƙo a kulle, sai su hayayyafa. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, wani lokaci ya tara mugunya. Wannan shi ne ƙurji. Jakunkunan maiƙo sun fi yawa a fuska da ƙirji da gadon baya, shi ya sa ƙurajen suka fi son waɗannan wurare.

ME YA SA SUKE DAWOWA BAYAN AN GIRMA?

Mun saba cewa ƙurajen fuska na samari da ƴan mata ne. Gaskiya ne sun fi yawa a lokacin balaga, amma ba su tsaya nan ba. A shekarar 2008 an wallafa wani bincike a Amurka, inda aka tambayi mutum 1,013. Cikin kowace mace 100, an sami 35 da suka yi fama da su tsakanin shekara 30 da 39, an sami 26 tsakanin shekara 40 da 49, sannan 15 bayan sun kai 50. A wajen maza kuwa, lissafin ya ba da 20 da 12 da 7. Ashe ke nan mata sun fi maza ɗaukar wannan kaya bayan an girma.

Dalili yana cikin jini. Jikinmu yana yin wasu sinadarai da suke yawo a cikin jini kamar ƴan aike, suna kai umurni daga wannan sashe zuwa wancan. Likitoci suna kiransu homon. Akwai homon na mata, akwai na maza. Amma kowace mace tana da ɗan kaɗan na maza a jikinta, haka Allah ya halicce ta. Na mazan shi yake umurtar jakar maiƙo ta ƙara aiki, na matan kuwa yana ja masa linzami. Duk lokacin da ma'aunin ya karkata, sai maiƙo ya ƙaru. Ga lokutan da aka fi ganin haka:

1. Kafin al'ada. Mata da yawa suna ganin ƙuraje kamar mako ɗaya kafin jinin wata ya zo, sannan su lafa bayan ya wuce.

2. Lokacin juna biyu, da bayan haihuwa, da lokacin yaye.

3. Lokacin da aka fara maganin tazarar haihuwa, ko aka daina shi. Allurar wata uku da ashanar hannu sukan tayar wa wasu mata da ƙuraje. Wani nau'in ƙwaya kuwa yakan rage su. Kada mace ta bar tazarar haihuwa saboda ƙurji. Ta koma wurin ungozomar asibiti, domin akwai hanyoyi daban-daban da za a iya zaɓa mata.

4. Gab da ɗaukewar al'ada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa tsakanin shekara 45 da 55. Shekaru kafin haka, homon na mata yana raguwa da sauri, na maza kuwa yana raguwa a hankali. Sai mace ta ga al'ada ta rikice, zafi yana taso mata, tana gumi da dare, ga kuma ƙuraje a haɓa.

5. Wata lalura ta ƙwan mace, wadda likitocin Nijar suke kira SOPK. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana samun mace 6 zuwa 13 cikin kowace 100 da suke shekarun haihuwa, kuma mafi yawansu ba su san suna da ita ba. Alamunta su ne ƙuraje, da tsallaken al'ada, da gashi a haɓa ko ƙirji, da jinkirin samun ciki, wani lokaci da ƙiba. Mai wannan lalura tana iya kamuwa da ciwon sukari nan gaba, don haka tana bukatar awo.

6. Damuwa da rashin barci. Matar da mijinta ya tafi cin rani ya bar ta da ɗawainiyar gida, ko magidancin da rumbunsa ya kusa ƙarewa tun damina ba ta faɗi ba, jikinsu yakan nuna. Damuwa ba ta ƙirƙiro ƙuraje ita kaɗai, amma tana iza wutarsu.

Ga wata dabara ga waɗanda suka shiga ajin yaƙi da jahilci. Ki ware shafi ɗaya a littafinki. Ki rubuta ranar da al'ada ta zo, da ranar da ƙurji ya fito, da abin da kika shafa ko kika sha. Ki yi haka wata uku. Ranar da kika je gidan likita, wannan shafi zai yi miki bayani fiye da doguwar magana.

SANA'A DA AIKIN GONA

Ba daga cikin jini kaɗai sanadi yake zuwa ba. Abin da yake taɓa fata daga waje ma yana toshe ƙofofinta. Mai matsar man gyaɗa, da mai suyar ƙosai, da mai tuyar awara, suna wuni cikin maiƙo, suna share gumi da hannun da ya sha mai. Mai injin niƙa da mai gyaran babur suna fama da baƙin mai. Man kitso mai kauri yakan gangaro daga kai ya fito da ƙuraje a goshi. Hijabi ko rawani ko hula da suka sha gumi, suna gogar wuri ɗaya kullum, su ma suna tayar da su.

Maza suna da nasu na daban. Bayan aski, gashin gemu yakan lanƙwashe ya koma cikin fata, ya yi ƙurji a haɓa da wuya. Maganinsa shi ne a rage yawan aski, kada kuma a kankare gashi har gindinsa. Kowa ya riƙe rezarsa, ko ya tabbata wanzami ya sa sabuwa, domin aska ɗaya tana iya ɗaukar ciwon hanta daga wani zuwa wani.

Manomin wake kuma ya kula da maganin feshi. Idan ya taɓa fata yakan kawo ƙuna da ƙaiƙayi da feshin ƙuraje, waɗanda suka bambanta da na maiƙo. A sa riga mai dogon hannu, a rufe hanci da baki, kada a fesa ana fuskantar iska. In an gama, a yi wanka da sabulu, a wanke tufafin daban.

MAGANGANUN DA BA SU DA TUSHE

Wasu suna cewa ƙazanta ce. Mace tana iya fin kowa tsabta a gari, ƙuraje su fito mata, domin toshewar tana can cikin fata inda soso ba ya kai wa. Yawan dirza ma ƙara su yake yi.

Wasu suna cewa sammu ne, ko hannun kishiya, ko baki. Gidaje sun rikice a kan wannan zato. Ƙurjin da yake zuwa kowane wata kafin al'ada, ya tafi bayanta, ya riga ya faɗi inda ya fito. Kada mu ɗauki alhakin wanda bai ji ba bai gani ba.

Wasu suna gudun mai ƙuraje, wai kada su ɗauka. Ƙurajen maiƙo ba a ɗaukarsu. Ƙazuwa da makero su ne ake ɗauka, kuma maganinsu daban ne.

Wasu kuma suna ɗora wa gyaɗa laifi. Bincike bai tabbatar da cewa cin gyaɗa yana kawo ƙuraje ba. Abin da aka fi gani yana ƙara su shi ne yawan sukari, kamar lemon kwalba da alewa da shayi mai zaƙi ƙwarai. Kada mai ciki ko mai shayarwa ta bar gyaɗa da wake da fura da nono saboda ƙurji, domin jikinta yana bukatarsu. Tuwon gero da na dawa, da miyar kuka, da zogale, da rama, abinci ne mai gina jiki da fata.

TARKON MAN KASUWA

Yanzu mu koma ga ƙurajen biyu na baiwar Allah da muka ba da misalinta. Yekuwa tana bakin iyaka. Kaya suna shigo mana daga Kano da sauran manyan kasuwanni, masu kyau da marasa kyau. A cikinsu akwai man ƙara hasken fata, wanda ake kira man bilicin, da ƙananan tub da ake cewa suna maganin kowane ciwon fata. Akwai kuma haɗin da ake zubawa a kwalba babu suna babu rubutu. Abubuwa uku ne suka fi yin ɓarna a cikinsu.

Na farko shi ne kotizon mai ƙarfi. Magani ne na gaske, likita yakan ba da shi na ƴan kwanaki saboda wasu cututtukan fata. Aikinsa shi ne kwantar da kumburi, shi ya sa ƙurji yake lafawa da sauri, mai shafawa ta ga kamar kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Amma idan aka daɗe ana shafa shi, shi da kansa yake haifar da sababbin ƙuraje, ƙanana masu kama ɗaya, a fuska da ƙirji da baya. Fata takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana. Nankarwa mai faɗi takan fito a damtse da cinya. Gashi yakan tsiro a fuska. Makero da ƙazuwa sukan bazu, rauni kuma ya ƙi warkewa da wuri. Yana ratsa fata ya shiga jini, ya kawo hawan jini da ciwon sukari. A shekarar 2007 likitoci a Dakar ta ƙasar Senegal sun wallafa abin da suka gani a wurin mata masu ciki: waɗanda suke shafa kotizon mai ƙarfi sun fi haihuwar jarirai marasa nauyi.

Na biyu shi ne haidurokinon. Yana hana fata yin baƙin da Allah ya ba ta don ya kare ta daga rana. Bayan an daɗe ana shafawa, kumatu da goshi sukan yi wani baƙi mai kauri wanda yake da wuyar fita.

Na uku shi ne zaiba. Guba ce da take lalata ƙoda da ƙwaƙwalwa. Tana kai wa ga ɗan da yake ciki, tana bin nono, tana kuma shafar yaron da aka goya.

Wannan matsala ta game ƙasashe da yawa. A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa mace 77 cikin 100 a Najeriya suna amfani da kayan ƙara hasken fata, a Togo 59, a Senegal 27, a Mali 25. Kodibuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015. A watan Fabrairu na 2023, a birnin Kano, hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Ƙasashen duniya kuma sun ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013 don yaƙi da gubar zaiba, kuma Nijar tana cikinta. A 2023 suka amince a hana duk wani kayan kwalliya mai zaiba daga ƙarshen 2025. To amma doka tana takarda, kaya suna kan tebur. Mai tsaron ƙofar ƙarshe ita ce mai saye.

Akwai kuma ƙwayar sa ƙiba, wadda ake kira sha-ka-fashe. Sau da yawa kotizon ne a cikinta. Fuska ta kumbura, a ce an yi ƙiba, alhali ruwa ne da kitse suka taru inda bai kamata ba. Ƙuraje su feso, ƙashi ya yi rauni, sukari ya hau. Garin neman ƙiba an samo rama. Wadda ta daɗe tana shanta kada ta yanke rana ɗaya, domin hakan yana da haɗari ga rai. Ta je likita ya rage mata a hankali.

MU KARANTA KWALI

A nan ne karatunmu zai yi mana rana. Kafin mu ba da kuɗinmu, mu juya kwali mu duba ƙananan rubutu. Ga yadda ake rubuta sunayen a jikin kaya:

Clobetasol
Betamethasone
Dexamethasone
Hydroquinone
Mercury, ko Mercure

Ukun farko duk kotizon ne, na huɗu haidurokinon, na biyar zaiba. Mu kwafe su a littafinmu, mu tafi da shi kasuwa. In mun ga ɗaya daga cikinsu, mu ajiye kayan, sai fa idan likita ne ya rubuta mana. Mu sani kuma ba kowane mai yin kaya yake rubuta gaskiya ba. Man da ba shi da rubutu ko kaɗan, da wanda aka yi alkawarin zai sauya launin fata cikin mako ɗaya, mu nisance su.

ABIN DA ZA MU YI A GIDA

1. A wanke fuska da sabulu mai laushi sau biyu a rana, safe da dare, da tafin hannu kawai. Ruwan alwala ba ya cutarwa. Idan sabulun salo ko wani sabulu yana sa raɗaɗi, a canza shi.

2. Bayan aikin gona ko suya, a ɗauraye gumi da maiƙo, a goge da ƙyalle mai tsabta.

3. Kada a matse ƙurji, kada a tsokane shi da ƙaya ko allura. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Matsa tana tura mugunya ciki, kuma ita take barin tabo da rami.

4. Kada a shafa kanwa, ko toka, ko lemon tsami, ko man goge baki, ko garin kafso. Suna ƙona fata, baƙin tabo ya ƙaru.

5. A wanke hoda da sauran kwalliya kafin a kwanta. A riƙa wanke hijabi da ɗankwali da rigar matashi a kai a kai.

6. Man kitso ya tsaya a gashi. Da hunturu, idan fuska ta bushe, a shafa ɗan man kaɗanya kaɗan a inda ya bushe kawai.

7. A sa malafa idan za a wuni a gona ko kasuwa. Rana tana ƙara wa tabo baƙi.

MAGANIN LIKITA

Idan an yi wata biyu ana kiyaye waɗannan ba a ga sauƙi ba, sai a nufi gidan likita na CSI mafi kusa. A tafi da duk abin da ake shafawa ko ake sha, har da tub ɗin da ya ƙare. Kada a ɓoye wa likita komai, domin ba faɗa zai yi ba, hanya yake nema. Idan abin ya fi ƙarfin CSI, za a tura mutum asibitin Magarya, daga nan babban asibitin Damagaram. A Yamai ma akwai cibiya ta ƙasa mai kula da cututtukan fata da kuturta. A 2006 gwamnatin Nijar ta mayar da awon ciki da tazarar haihuwa kyauta, a 2024 kuma ta rage kuɗin ganin likita a asibitocinta. Sau da yawa kuɗin da ake zubawa a tebur cikin shekara ya fi na asibiti.

Akwai magunguna masu aiki. Akwai na shafawa, kamar benzoyil mai kashe ƙwayoyin cuta, da adafalen mai buɗe ƙofofin fata. Akwai na sha, kamar doksisikilin, wanda akan ba da na wata uku ko kusa da haka. Akwai kuma waɗanda suke daidaita homon. Likita ne zai zaɓi wanda ya dace, a saya a farmasi.

Abu biyu za mu riƙe. Na ɗaya, mai ciki, da mai neman ciki, da mai shayarwa, su faɗa tun kafin a rubuta magani. Adafalen da doksisikilin ba na mai ciki ba ne. Akwai kuma wata ƙwaya mai ƙarfi, izotiretinoyin, wadda take nakasa ɗan da yake ciki. Kada kowa ya karɓi ragowar maganin maƙwabciya.

Na biyu, haƙuri. Maganin gaske yakan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin a fara ganin sauƙi, wani lokaci har mako 12. Baƙin tabo kuwa yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara kafin ya dushe, muddin sabon ƙurji bai fito a wurin ba. Wadda ta bar man kotizon za ta sha wuya a makonnin farko. Fuska za ta yi ƙuna, ta yi duhu, ƙuraje su ƙaru. A nan ne mata da yawa suke karaya su koma tebur. Wannan wahala mai wucewa ce, kuma likita yana da hanyar sassauta ta. Sannu ba ta hana zuwa.

ALAMUN DA BA A JIRA DA SU

Ba kowane ƙurji ne na maiƙo ba. A garzaya gidan likita ba tare da jinkiri ba idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Maruru a hanci ko leɓen sama, tare da zazzaɓi, ko kumburin fuska da ido.

2. Ƙuraje masu ruwa da suka bazu a jiki har tafin hannu, tare da zazzaɓi da kaluluwa.

3. Gyambo mai baƙin tsakiya, marar zafi, a jikin wanda ya feɗe dabbar da ta mutu farat ɗaya. Yana iya zama ciwon saifa na dabbobi. A sanar da malamin dabbobi, kada kuma a ci naman.

4. Tabo mai haske wanda ba a jin taɓawa a kansa. Yana iya zama farkon kuturta. Tana warkewa, kuma maganinta kyauta ne.

5. Ƙuraje tare da ɗaukewar al'ada na watanni ba ciki ba, ko gashin fuska da ya ƙaru da sauri, ko murya da ta yi kauri.

6. Yawan ƙishirwa da yawan fitsari, ko kumburin ƙafa da fuska, ga mai shafa man bilicin ko mai shan ƙwayar ƙiba.

KIRA GA MAGIDANTA DA MATA

Ita baiwar Allah mai ƙuli-ƙuli, hanyarta a buɗe take. Ta ɗauki tub ɗinta da littafinta ta je CSI. A auna jininta da sukarinta, a raba ta da man a hankali, a ba ta maganin da ya dace. In ta daure, kafin wata kaka ta zagayo fuskarta za ta huta, wakenta kuma ya zauna a rumbu.

Amma ba ita kaɗai ce da aiki ba. Maigida, kai ne ka fi kowa kusa. Mata da yawa sun shiga shafe-shafe ne don gudun kada miji ya juya musu baya, ko don sun ji yana yabon farar mace. Kalma ɗaya mai daɗi daga bakinka, da kuɗin zuwa gidan likita, sun fi kwalba goma. Mata kuma, ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Mu bar zolayar juna a bakin rijiya da gidan biki. Uwaye masu gyaran amare su san abin da suke zubawa a cikin haɗinsu, kada garin neman gira a rasa ido.

Malaman yaƙi da jahilci, muna roƙo a rubuta sunayen nan biyar a allo, kowane ɗalibi ya kwafa. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Mai tambaya kuma ya ba malamin ajinsa ya aiko mana, za mu nemo amsa daga likitoci.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a gonakinmu da dabbobinmu. Amin.